Dillali ya ce mu shigo da ƙwararren Ba'indiye da bizar kasuwanci, in yarda?

Assalamu alaikum. Ni nake kula da ƙaramar masana'antar roba ta mahaifina a Idu, nan Abuja, muna yin bokitai da robobin wanka. Bara muka sayo injina biyu na zuba roba daga Indiya. Sun iso lafiya, amma wata huɗu ke nan suna lulluɓe da tamfol don yaranmu ba su san kansu ba. Kamfanin da ya sayar mana ya haɗa mu da wani ƙwararre da ya yarda ya zo ya kafa su, Alhaji kuma yana so ya zauna da mu shekara biyu. Wani dillali, ɗan aminin Alhaji, ya ce mu kawo shi da bizar kasuwanci cikin mako biyu, in ya shigo sai a gyara takardu a ciki. Har mun ba shi kafin alƙalami, babu rasit. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina jin nauyin musa wa Alhaji, ga bashin banki yana ta hawa. Muna kuma da yara biyu 'yan Maraɗi da suka shekara uku tare da mu, ban san matsayinsu ba yanzu. Me zan yi?

Mai neman mafita, Kubwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya sa wa masana'antar albarka.

Rashin kwanciyar zuciyar nan taka a kan gaskiya take, kada ka danne ta. Bizar kasuwanci ta mai zuwa taro ce, ko duba kasuwa, ko sa hannu a yarjejeniya. Ba ta halatta wa mutum ya ɗauki sifana ya shiga ƙarƙashin inji ba, balle ya riƙa karɓar albashi ƙarshen wata. Kuma ba irin bizar da ake juyawa ta koma izinin zama daga cikin ƙasa ba ce. Wannan "a gyara a ciki" da dillali yake faɗa, ƙarshensa ɗayan biyu ne: ko hatimin da ba shi da asali a na'urar hukuma, ko biyan kuɗin rufe baki duk lokacin da jami'ai suka leƙo Idu. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana ɗaukar baƙon ƙasa aiki ba da amincewar Kwanturola Janar ba, kuma wanda za a tuhuma shi ne kamfani da daraktocinsa, wato kai da Alhaji. Sunan dillali ba ya kan takarda ko ɗaya. Shi baƙon kuma, in ya wuce wa'adin bizarsa, akwai tarar dala 15 a kowace rana da gwamnati ta sanar a 2025, da yiwuwar hana shi dawowa ƙasar na shekaru.

Inda aka fara kuskure shi ne kun haɗa aiki biyu a ƙwarya ɗaya. Kafa inji daban, zama shekara biyu daban, kuma kowanne da ƙofarsa.

Kafa injina da gwada su da koya wa yara tayar da su, wannan aikin makonni ne, kuma an yi masa izini na musamman, izinin aiki na wucin gadi da 'yan harka ke kira TWP. Don irin wannan aka tanade shi: ƙwararren da zai zo ya girka inji, ya gyara, ko ya horar, sannan ya koma. Kamfaninku ne zai nema daga Hukumar Shige da Fice, wadda hedikwatarta ke Sauka a kan hanyar filin jirgi. Ana haɗawa da wasiƙar kamfani mai bayyana aikin da tsawonsa, kwafin shafin bayanan fasfonsa wanda sauran wa'adinsa bai gaza wata shida ba, takardar rajistar kamfani ta CAC, da shaidar cewa injinan naku ne kuma kun shigo da su. A cikin wasiƙar dole ku rubuta cewa kun ɗauki alhakinsa na shige da fice. Kada ka ɗauki wannan jimla a matsayin ado. Ma'anarta, in an ce a mayar da shi gida, ku za ku biya jirgi. Izinin da aka saba bayarwa na kwana 90 ne, kuma ba ya buƙatar gurbin ma'aikacin waje, wato kwotar da zan yi bayani a ƙasa. Tun watan Mayun 2025 aka daina bayar da biza a filin jirgi, aka mayar da bizar gajeren zama ta intanet, don haka duk wanda ya ce maka "ya taho kawai, akwai mutuminmu a filin jirgi", labarin da yake ba ka ya tsufa.

Shawarata ita ce ku fara da wannan. Zai tayar muku da injina cikin halal, kuɗi su fara shigowa a rage wa banki, kuma za ku sami wata uku kuna kallon mutumin da idonku kafin ku ɗaure kanku da shekara biyu. Wanda ya burge a waya ba lallai ya burge a gaban inji ba.

Amma agogon kwana 90 ba ya jiran kowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke cinye wa'adin masu irin wannan aiki ba takardu ba ne, rashin shiri ne: baƙo ya sauka, ya yi mako uku a masauki yana kallon talabijin saboda ba a zuba daɓen da inji zai zauna ba. Kafin a sayi tikiti, ka nemi kamfanin Indiya ya turo jerin abin da suke buƙata a rubuce. Daɓen kankare ya bushe kuma ya daidaita. Wuta mai layi uku ta iso har gindin inji. Sa'a ɗaya da kuka yi ita ce Indiya da Najeriya ƙarfin wutarsu ɗaya ne, kimanin bolt 415 a layi uku, don haka babu sauyin da za a yi, sai dai janaretonku ya iya ɗaukar injina biyu a tare da na'urar sanyaya ruwa da kwamfiresa. Man haidirolik na lambar da suka rubuta ya kasance a ƙasa, ganga-ganga. Ƙwayar roba ta gwaji ta isa aƙalla mako biyu. Ma'aunan zubin bokiti, wato ƙarafan da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffar bokiti, a buɗe su a duba tsatsa, domin wata huɗu a ƙarƙashin tamfol, musamman in damina ta ratsa, yana iya cin fuskar ƙarfe. A tanadi ƙugiyar ɗaga nauyi, domin ma'auni ɗaya ba abin da ƙarti huɗu za su ɗaga da hannu ba ne.

Zama na shekara biyu kuwa, hanyarsa ta fi tsawo, kuma ba a tsallake mataki.

Farko kamfani ya sami gurbin ma'aikacin waje, wanda ake kira kwota, daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Gurbin na kamfani ne, kuma na muƙami ne, ba na mutum ba. Za a ce an amince muku da muƙamin shugaban sashen injina guda ɗaya. In wannan ya tafi, kuna iya sa wani a gurbin muddin wa'adinsa bai ƙare ba. Bisa kundin da ma'aikatar ta sabunta a 2022, ana bayar da gurbi na shekara uku a karon farko, a sabunta sau biyu na shekara bibbiyu, jimla shekara bakwai. Za su nemi takardun CAC, shaidar biyan haraji ta kamfani, takardar mallaka ko hayar filin masana'anta, bayanin aikin muƙamin da albashinsa, tsarin horar da 'yan ƙasa, da shaidar shigo da injina, irin su Form M da takardun jirgin ruwa. Ka fara tattara su yau. Wadda ta fi riƙe ƙananan kamfanoni ita ce shaidar haraji, domin da yawa sai a ranar suke gano cewa akawunsu ya shekara biyu bai shigar da komai ba.

Wani gargaɗi a gefe: kada Alhaji, don kyautatawa, ya ce zai ba baƙon hannun jari ko da kaɗan ne. Yanzu kamfaninku na 'yan ƙasa ne zalla. Ranar da baƙo ya shiga cikin masu shi, kun koma kamfani mai jarin waje, sai neman izinin kasuwanci daga ma'aikatar, da jarin hannun jari na naira miliyan 100. In ana son a ƙarfafa masa gwiwa, a sa masa lada a kan yawan kayan da suka fito lafiya.

In gurbi ya fito, sai mutumin ya nemi bizar STR, wato bizar shigowa aiki wadda ake daidaita zaman mai ita bayan ya shigo, a ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasarsa, ko ƙasar da yake zaune bisa ƙa'ida. Ga shi Ba'indiye, Delhi ke nan. Ma'ana, in ya gama aikin kafa injina zai koma gida ya dawo da biza ta daidai. Ka sa kuɗin wannan tikitin a lissafi tun yanzu. Zai kai takardar ɗaukar aiki daga gare ku, takardar amincewarsa, kwafin gurbin, tarihin aikinsa, da shaidun karatunsa. A nan ake yawan tuntuɓe a kan abu ƙarami: sunan muƙami. Abin da aka rubuta a gurbi, shi za a rubuta a takardar ɗaukar aiki harafi da harafi, kuma shaidar karatunsa ta dace da shi. In gurbi ya ce injiniya alhali mutumin difloma gare shi ta kanikanci, takardu za su dawo. In kuma da gaske injiniya ne, hukumar COREN mai kula da aikin injiniya za ta shigo cikin maganar rajistarsa. Don haka ka ga takardunsa tukuna, sannan ka zaɓi sunan muƙamin da za ka nema.

Bayan ya shigo da STR, kuna da kwana 90 ku daidaita zamansa a karɓi katin CERPAC, wanda shi ne izinin zama da aiki. Da dala ake lissafa kuɗinsa. A ƙarshen 2018 an mayar da shi dala 2,000 a shekara, kuma kuɗin irin wannan ba ƙasa yake yi ba, don haka ka ɗauki adadin da ke shafin hukuma a ranar biya, ka biya ta hanyar da aka tsara, ka riƙe rasit. Ka rubuta ranar ƙarewar katin a inda ido zai riƙa gani, a fara sabuntawa da sauran wata biyu. Kowane wata kamfani zai riƙa kai wa hukuma rahoton baƙin da ke gurbinsa, ko da mutum ɗaya ne. Ranar da ya bar aiki, a rubuta a cire shi daga gurbin, in ba haka ba duk inda ya shiga alhakinsa yana wuyanku. Akwai kuma harajin ɗaukar ma'aikatan waje da gwamnati ta ƙaddamar a Fabrairun 2024, dala 10,000 a shekara kan ma'aikaci, 15,000 kan darakta, ta dakatar da shi a Maris bayan ƙorafin masu masana'antu. Wanda ya zo ya ce ku biya shi, ya nuna muku sanarwar hukuma da asusun gwamnati.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe da hannu biyu. Sharaɗin gurbi shi ne kowane baƙo a haɗa shi da 'yan ƙasa biyu masu koyon aikinsa, masu digiri ko babbar difloma, don su gaje shi. Kamfanoni da yawa suna rubuta sunan ɗan ƙanwa da ɗan maƙwabci don cika takarda, sai shekara biyu ta wuce, baƙo ya tafi, injina su koma ƙarƙashin tamfol. Wannan sharaɗi shi ne ribarku ta gaskiya a duk wannan ɗawainiya. Ka ɗauki matasa biyu da suka karanta kanikanci ko lantarki a kwalejin fasaha, ka ɗauke su tun kafin ya sauka, su kasance a wurin ranar da za a kwance akwatin farko, domin wanda ya ga yadda aka haɗa inji shi ke iya kwance shi. Ka sa koyarwar a cikin kwantiragi da matakai a fili: bayan wata uku su iya sauya ma'auni da saita zafi su kaɗai, bayan wata shida su iya gano dalilin bokiti ya fito bai cika ba, ko ya fito da gemu a gefe, ko ya lotsa a gindi, bayan shekara su iya bin zanen haidirolik da na lantarki su kamo laifi. Kowane saiti na kowane kaya a rubuta shi a littafi da ke zaune a masana'anta, da lambar sirrin allon inji. Akwai ƙwararrun da ke riƙe lambar sirri da saiti a kansu don kada a iya rabuwa da su. Ba sai an yi faɗa ba. Ka ɗaure wani kaso na ladansa da abin da yaran suka iya, ka gwada su da kanka a ranar da ba ya nan.

Kuma kafin ku yanke cewa sai an yi shekara biyun, ka shiga Kano ka zaga Sharaɗa da Bompai da Chalawa, ko ka aika Ota da Agbara. Masana'antun roba sun daɗe a wuraren nan, kuma akwai 'yan ƙasa da suka tsufa a kan irin waɗannan injina. Mai yiwuwa wata uku na Ba'indiyen da ƙwararre ɗaya daga Kano su wadatar da ku, ba dala, ba gurbi.

In dai sai shi, to a tantance shi. Ku yi hira ta bidiyo yana tsaye gaban inji irin naku, ba a ofis ba. Ka nemi lambar masana'antu biyu da ya yi wa aiki, ka kira su ta lambar da ka samo da kanka. Ka tambayi kamfanin da ya sayar muku a rubuce: ma'aikacinsu ne ko ɗan kansa? In ɗan kansa ne, shin garantin injin zai ci gaba in shi ya kafa? Wannan tambaya ɗaya tana iya tsare muku miliyoyi.

Kwantiragi a rubuce yake, kowa ya sa hannu kafin ya hau jirgi, a harshen da yake fahimta. Abin da ke haddasa rigima kusan kullum guda ne: shi ya ji adadi ya ɗauka abin da zai shiga aljihunsa ke nan, ku kuma kuna nufin kafin a cire haraji. A rubuta wanne ne. A rubuta da wane kuɗi za a biya, in dala ce a wane canji kuma na wace rana. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500; wanda ya yi alƙawarin dala yana sayar da bokiti da naira ya san abin da wannan ke nufi. Ka lissafa albashinsa da canjin da ya fi na yau tsada, ka ga ko cinikinku zai ɗauka. A fayyace gida, mota, asibiti, hutun shekara da tikitinsa, wa'adin sanarwa in za a rabu, da tikitin komawa. A ambaci cewa dokar Najeriya ce ke hukunci. Rigimar aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa take zuwa.

Albashinsa yana da haraji kamar na kowa. Za ku cire ku kai wa hukumar tara haraji ta Babban Birnin Tarayya kafin 10 ga watan da ke biye, da rahoton shekara kafin 31 ga Janairu, kuma gida da motar da kuka ba shi suna shiga lissafi. Kada ku yarda da dabarar rubuta ƙaramin albashi a nan, a biya sauran a ɓoye a ƙasarsa. Ban da laifi ne, shi kansa zai cutu, domin banki zai nemi katin zamansa da shaidar haraji kafin ya tura wa iyalinsa kuɗi. Kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata da ake biya wa asusun NSITF na biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki shi ma ya haɗa da shi, kuma a wurin da ake aiki da narkakkiyar roba da ƙarfe mai matsewa da ƙarfin tan ɗaruruwa, wannan ba abin wasa ba ne.

Baƙo amana ne. Ya yi allurar rigakafin cutar shawara ya zo da katinta, za a nema a shigowa, ƙasarsa ma za ta nema in zai koma. Jikinsa bai saba da zazzaɓin cizon sauro irin namu ba, wanda ke iya kayar da sabon zuwa da sauri in ya kama shi. A sa masa gidan sauro, a yi masa rajistar asibiti, duk zazzaɓi a yi gwaji a ranar. Ka tambaye shi abin da yake ci, domin Indiyawa da yawa ba sa cin nama. Fasfonsa kuwa a hannunsa zai zauna. Wasu za su ba ku shawarar ku riƙe don kada ya gudu. Riƙe fasfon ma'aikaci alama ce ta aikin tilas, kuma hanya ce ta jawo hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ƙofarku.

Yaran Maraɗi: yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar shiga ba biza na kwana 90, mai son zama ya yi aiki kuma ya karɓi katin zama na ECOWAS daga Hukumar Shige da Fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da ba su damar zirga-zirga da zama har sai an sanar da wani abu. Kada ku sallame su, kada kuma ku bar su haka. Ka duba ko suna da fasfo ko katin shaida na Nijar mai aiki, ka raka su ofishin hukumar na Babban Birnin Tarayya da wasiƙar kamfani a yi musu rajista. In sun taɓa karɓar katin ɗan ƙasa na Najeriya a matsayin 'yan ƙasa, ka sa lauya ya duba wannan tukuna.

Saura Alhaji. Ba musu za ka je yi ba, kuma kada ka ambaci ɗan amininsa da mugun suna. Zumuncinsu ya girme ka. Ka zaɓi lokacin da yake shi kaɗai, ka je da takarda ɗaya mai shafi biyu: hanyar dillali da abin da za ta iya jawowa a kan sunansa, da hanyar izinin wucin gadi da ranar da kake sa ran injina za su tashi. Ka ce masa, "Alhaji, sunanka ne a takardar kamfani, shi nake tsoron a taɓa. A ba ni izini in kai wa lauya ya duba." Dattijo ya fi saurin karɓar magana in ya ga mutuncinsa ake tsarewa, kuma in ta fito daga bakin lauya nauyin ya sauka daga kanka. Shi kuma dillali, ka nemi abu uku cikin ladabi: rasit na abin da ya karɓa, lambar neman da ya shigar a shafin hukuma, da lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago in yana cewa shi mai samo ma'aikata ne. In ya kawo, sai a ce ya juya aikin zuwa TWP a ci gaba da shi, kowane kuɗin gwamnati kamfani ya biya da kansa. In ya fara kwana-kwana, kada a ƙara masa ko kwabo, maganar kuɗin da ya riga ya karɓa kuma a bar wa Alhaji da amininsa su warware a tsakaninsu.